Birtaniya ta soke jagoran ɗaliban jinya, amma ba ta soke horo ba

Har yau ana yawo da zancen cewa tun da hukumar NMC, mai kula da nas-nas da ungozomai a Birtaniya, ta soke matsayin jagoran ɗalibi, kowane ma'aikacin asibiti na iya sa hannu ya ce ɗalibi ya iya aiki. Wasu ma cewa suke an daina horar da masu koyarwar. Ko ɗaya ba haka yake ba.

A ƙa'idar 2008, nas ɗaya, wato jagorar, ce ke koya wa ɗalibi aiki, ita ce kuma ke yanke masa hukunci, kuma dole ya yi akalla kashi 40 cikin 100 na lokacinsa a ƙarƙashin kulawarta. Ƙa'idar 2018, wadda ta fara aiki a Janairun 2019, ta raba wannan kaya uku: mai sa ido a ɗakin marasa lafiya, mai tantancewa a wajen aiki, da malamin jami'a mai tantancewa. Dokar ta shafi ɗaliban jinya da na ungozoma.

Ga inda ake ruɗewa. Gaskiya ne likita ko mai harhaɗa magani na iya zama mai sa ido, matuƙar yana da rajista. Amma koyarwa ce tasa, sai ya ba da rahoton abin da ya gani. Wanda zai tabbatar ɗalibin jinya ya ƙware dole ya zama nas mai rajista, mai gogewa a fannin da ɗalibin ke karanta. Kuma mutum ɗaya ba zai zama mai sa ido da mai tantancewa ga ɗalibi ɗaya a lokaci guda ba.

Me ya kawo rabon? Tun 2003 binciken wata malamar jinya, Kathleen Duffy, ya nuna yadda jagorori ke jin nauyin kayar da ɗalibin da bai iya ba. Wanda kuka shafe makonni kuna kwana a bakin aiki tare, da wace fuska za ki rubuta masa cewa bai iya lissafin magani ba? A tsarin da ƙwarewa ce ma'auni, cika awa 2,300 na aikin asibiti kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an ga hannun ɗalibin.

Horo kuwa yana nan. Abin da aka cire shi ne kwas guda na horar da jagorori wanda sai hukumar ta amince da shi. Yanzu jami'a da asibiti ne ke da alhakin shirya masu tantancewa, ko su tabbatar suna da ilimin tun da farko. Jami'ar da ta yi sakaci, hukumar na da ikon janye amincewarta da kwas ɗinta, mai sa hannu kuma shi zai amsa tambaya kan abin da ya sa wa hannu.

A nan ne nake da ja. An sakar wa kowace jami'a mara ta tsara horonta, don haka wani wuri ya yi zurfi, wani ya taɓa sama-sama, alhali alhakin da ke wuyan nas ɗin da za ta sa hannu iri ɗaya ne.