Mulkin ƙaramin gari a arewacin Kamaru

Mulkin ƙaramin gari a arewacin Kamaru ya rataya ne a wuyan hukumomi uku da ke zaune a gari ɗaya: wakilin gwamnatin tsakiya da ake kira su-prefe, magajin gari da kansilolinsa, sai kuma sarkin gargajiya, wato lamiɗo ko lawan, da mutanen fadarsa. Wannan tsari ya shafi jihohi uku, wato Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, Arewa mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. Lardi ɗaya ne a da, sai a 1983 aka raba shi uku. Kamaru na da ƙananan hukumomi 360, kuma a yawancinsu iyakar ƙaramar hukuma ita ce iyakar yankin su-prefe. Fada ce mafi tsufa a cikin ukun, kuma har yau a ƙofarta ake fara kai maganar gona, kasuwa, gado da aure.

Asali

Kafin jihadi, mutanen wannan ƙasa suna da nasu tsare-tsaren: daular Mandara a kewayen Mora, biranen Kotoko a bakin kogin Logon, da al'ummomi irin su Mbum, Fali, Giziga, Mafa da Mundang, waɗansu da sarakuna, waɗansu kuma dattawan dangi ke riƙe da su. Wajen 1809, ko da yake wasu na cewa kafin haka da 'yan shekaru, Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daga nan ardo-ardon Fulani suka kafa sarautu a ƙasar da ake kira Fombina: Garwa, Marwa, Rai, Bibemi, Tibati, Banyo, Ngaundere da sauransu, dukkansu suna kallon Yola, wadda Modibbo ya mayar mazauninsa wajen 1841.

Abin da ya kamata mai karatu Bahaushe ya lura da shi a nan shi ne sunayen sarautun fada. Sarkin Bafulatani ne, hirar fada da Fulatanci ake yi, amma in aka kira masu muƙami sai a ji Galdima, Kaigama, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fada, Alƙali, Liman, Dogari. Daga ƙasar Hausa da Barno aka ɗauko su, aka ɗan karkata lafazin. Ƙarƙashin lamiɗo akwai lawan mai riƙe da ƙauyuka da dama, ƙarƙashin lawan akwai jauro, wanda shi ne daidai da mai unguwa ko dagaci.

Hausawa sun shigo tare da jihadin da kuma bayansa, a matsayin malamai, fatake da masu sana'a. Tufafi, kanwa da kayan ƙira suke kawowa, su koma da hauren giwa da goro. Cinikin bayi ma yana cikin harkar wancan zamani, musamman ta Ngaundere, Tibati da Banyo. Inda ayari ya saba yada zango nan unguwa ke tashi, shi ya sa ake samun sunaye irin su Sabongari da Yelwa a garuruwan yankin. Lamiɗo kan naɗa musu Sarkin Hausawa, wanda zai sauki baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya sasanta 'yan uwansa, ya kuma kai gaisuwa da kuka fada. Sarkin Pawa ma galibi Bahaushe ne, domin fawa da gashin tsire sun daɗe a hannun Hausawa har a kudancin ƙasar, inda ake kiran kusan duk Musulmin arewa Bahaushe.

Zamanin Turawa

Jamusawa sun ci Tibati a 1899, Ngaundere da Garwa a 1901, sannan Marwa a farkon 1902, inda suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola wanda Ingilishi suka riga suka kora daga garinsa. Ba su da isassun ma'aikata, don haka suka bar sarakuna a kan kujerunsu suna karɓar haraji, shi kuwa jami'insu yana zaune a Garwa. Bayan da sojojinsu na ƙarshe suka miƙa wuya a dutsen Mora a Fabrairun 1916, mafi yawan ƙasar ta koma hannun Faransa. Faransawa sun ci gaba da aiki da sarakunan, amma sun rage musu ƙarfi: sun cire wasu al'ummomin da ba Musulmi ba daga ƙarƙashin fada suka yi musu nasu sarautun gunduma, sun kuma tuɓe duk wanda ya yi musu taurin kai.

Ƙaramar hukuma irin ta zamani ta fara ne a Duwala da Yawunde a 1941, ba ta iso karkarar arewa ba sai gab da samun 'yancin kai a 1960. A zamanin shugaban ƙasa Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, dokar 1974 ta daidaita tsarin a duk ƙasa, ta kuma kafa asusun FEICOM mai tallafa wa ƙananan hukumomi. Sai dai a karkara gwamnati ce ke naɗa shugaban hukumar, sau da yawa ma su-prefen ne da kansa. Ana saɓani a kan yadda aka bi da al'ummomin da ba Musulmi ba a wannan zamani. Wasu na cewa an matsa wa sarakunansu su musulunta kafin a ba su muƙami.

Fada a idon doka

Dokar 15 ga Yuli 1977 ce ta tsara sarautar gargajiya, ta raba ta daraja uku. Sarki mai daraja ta ɗaya firaminista ke tabbatar da naɗinsa, mai daraja ta biyu ministan cikin gida, mai daraja ta uku kuma prefe, wato wakilin gwamnati da ke gaba da su-prefe. Ana yin naɗin ne bayan an tuntuɓi masu zaɓen sarki. Dokar ta ɗauki sarakuna a matsayin mataimakan hukuma: su isar da umarni, su taimaka wajen tara haraji da kiyaye zaman lafiya, su sasanta mutanensu. Tun 2013 ana ba su alawus a wata: sefa 200,000 ga daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Sarkin Hausawa a wani gari yana cikin daraja ta uku, a wani garin kuma bafade ne kawai wanda gwamnati ba ta da shi a takarda.

Takarda ba ta nuna ainihin nauyin fada. Mai ƙara yana tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa, ya yi gaisuwa. Bahaushe zai ce «Ranka ya daɗe», wani bafade ya juya maganarsa da Fulatanci in da bukata, ko da kuwa sarkin yana jin Hausa. Ba a cika fom, ba a sayen kan sarki, kuma sau da yawa kafin azahar an yanke magana. Wannan sauƙi ne ke riƙe da mutane. Amma wannan ikon yana da ɓangaren da ke ciwo: baƙon manomi da ya zo daga duwatsun Mandara neman ƙasa a kwarin Binuwai, tun bayan gina madatsar Lagdo a farkon shekarun 1980, yana noma ne da yardar jauro, yana ba da zakka daga amfanin gonarsa ko shi ba Musulmi ba ne, kuma ba shi da tabbacin gonar za ta kai ga ɗansa. Dokokin ƙasa na 1974 sun ce filin da ba shi da takardar mallaka yana hannun gwamnati, amma a ƙauye kowa ya san wurin wa ake zuwa neman gona.

Magajin gari da majalisarsa

Zaɓen ƙananan hukumomi na farko da jam'iyyu da yawa suka shiga an yi shi a Janairun 1996, watan da aka amince da kundin tsarin mulkin da ya yi alkawarin sakar wa ƙananan hukumomi mara. An sake yi a 2002, 2007, 2013 da 2020. Wa'adi shekara 5 ne, amma an sha tsawaita shi. Jama'a jerin sunaye suke zaɓa, ba mutum ɗaya ba: jam'iyyar da ta haura rabin ƙuri'u ta kwashe kujeru duka, in ba wadda ta haura sai ta gaba ta ɗauki rabi, a raba sauran. Hukumar da mutanenta ba su kai 50,000 ba tana da kansiloli 25, mai 50,000 zuwa 100,000 tana da 31, ana hawa har zuwa 61. Kansilolin ne ke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Doka ta ce jerin ya ƙunshi al'ummomin yankin da kuma mata, kuma ta wannan ƙofa ce unguwar Hausawa kan sami kujera ɗaya ko biyu.

Majalisa na zama sau ɗaya a wata uku. Zama biyu ne suka fi muhimmanci: na kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, da na duba yadda aka kashe kuɗin bara. Da Faransanci ake rubuta komai, ko da muhawarar ta gangara Fulatanci in ta yi zafi. Kasafin ba ya aiki sai prefe ya sa hannu.

Dokokin 2004 da kundin dokokin ƙananan hukumomi da jihohi na 24 ga Disamba 2019 sun ɗora wa magajin gari ayyuka masu yawa: gina azuzuwan firamare da kai musu alli da rajista, rijiyoyin burtsatse, ƙananan asibitoci, hanyoyin karkara, kasuwanni, mahauta, tashoshin mota da kwashe shara. An fara miƙa waɗannan ayyuka a aikace a 2010. Kundin 2019 ya ce kason ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, sai dai magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da ke iso su bai kai haka ba, kuma yana zuwa a makare. An ba su aiki, ba a ba su guzurinsa ba, kuma su ne jama'a ke gani kullum a masallaci da wurin jana'iza.

Kasuwa

Kuɗin da ƙaramin gari ke tarawa da kansa daga kasuwa yake fitowa. Pitowa, wadda ke kan babbar hanyar Marwa kimanin kilomita 15 daga Garwa, kasuwarta ranar Lahadi take ci. Tun da hantsi ma'aikacin hukuma zai bi layi da ɗaurin tikiti a hannu, ya yaga wa mai albasa, mai gyaɗa, mai busasshen kifi, ya karɓi kuɗin rumfa. A kara kuwa, wato wurin dabbobi, saniya ɗaya tana biyan hukuma, dillali ya ɗauki la'adarsa, mutumin Sarkin Shanu ma yana nan a matsayin shaidar cewa ba ta sata ba ce. Garuruwa masu manyan kasuwannin shanu irin su Bogo da Adumri sun fi maƙwabtansu samun kuɗi saboda haka. Shi ya sa shawarar tayar da kasuwa, rabon sababbin shaguna ko ƙara kuɗin tikiti ta fi kowace shawara tayar da ƙura, kuma magajin garin da ya yanke ta ba tare da ya zauna da Sarkin Pawa da shugabannin 'yan kasuwa ba yakan ga rumfunan da ya gina babu kowa a ciki.

Sauran kuɗin daga Yawunde yake zuwa, ta hannun FEICOM da kasafin ayyukan gwamnati. Shirin raya ƙasa na gwamnati mai suna PNDP da aka fara a 2004 ya taimaka wa ƙananan hukumomi rubuta tsarin raya ƙasa bayan bin ƙauyuka ana jin bukatunsu.

Manoma da makiyaya

In shanu suka shiga gonar auduga ko masakwa, jauro ake fara kira. Zai je da dattawa su zaga gonar, su ƙiyasta ɓarnar da buhu ko da kuɗi. In ba a daidaita ba sai lawan, sai fada. Dokar 1978 ta kafa kwamiti ƙarƙashin su-prefe, da jami'an gona da na dabbobi da sarakuna a ciki, wanda aikinsa ne shata burtali da makiyaya da yanke irin wannan rikici. Yawanci masu ƙara ne ke ɗaukar nauyin fitar kwamitin zuwa daji, abin da ke sa talaka ya haƙura tun a gaban jauro. Inda sulhu ya gaza abin yakan yi muni: a 2021 faɗa kan ruwa tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma ya tashi a yankin Logon Birni, a Disamba ya kai Kuseri, dubban mutane suka tsallaka Chadi.

Takardar haihuwa

Magajin gari ne jami'in rajistar haihuwa, aure da mutuwa. Yaron da ba a yi wa rajista cikin wa'adi ba sai an bi ta kotu, kuma a nan ne kuɗi da nisa ke kayar da iyaye. Illar tana bayyana a ajin ƙarshe na firamare, lokacin da za a rubuta jarrabawa a ce sai da takarda. Yara masu yawa a jihohin uku, musamman 'yan mata, a nan karatunsu ke tsayawa. Wasu hukumomi kan shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don a yi wa ɗaruruwa a lokaci guda, kuma yana cikin ayyuka mafi amfani da ƙaramar hukuma za ta iya yi da ɗan kuɗi.

Siyasa da tsaro

Jam'iyyar RDPC mai mulki ce ke riƙe da mafi yawan kujeru. Jam'iyyun UNDP, FSNC da MDR na da garuruwan da suke da ƙarfi. Ana muhawara kan shigar sarakuna siyasa. Lamiɗon Rai, wato Rai Buba, Abubakari Abdullahi, ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa na farko a 2013, kuma a majalisun jihohi da aka fara zaɓa a Disamban 2020 kujeru 20 cikin 90 na sarakuna ne. Akwai garuruwan da mutum ɗaya ya haɗa rawani da kujerar magajin gari, kamar Kolofata, inda 'yan Boko Haram suka sace lamiɗon a harin Yulin 2014, aka sako shi a Oktoban shekarar. Tun daga lokacin garuruwan kan iyaka suka kafa ƙungiyoyin 'yan sintiri, waɗanda jauro ke tantance mutanensu, su-prefe ya yi musu rajista, ƙaramar hukuma da 'yan kasuwa kuma su taimaka da tocila, takalma da man babur.