Kariya a tsakar gida: kada ku kashe ta da ruwa

Jama'ar Daura da kewaye, duk mai son fure a gida amma rijiya ta yi masa nisa, ya nemi kariya. Ita ce mai ƙaton gindi da fure ja-ja, wadda ke buɗewa da rani lokacin da sauran tsirrai suka yi yaushi. A gindin nan take ajiye ruwanta, shi ya sa yawan ban ruwa ya fi fari saurin kashe ta.

A yanko reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon kamar santimita 20. Kada a dasa nan take. A ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 5, bakin yankan ya bushe, in ba haka ba zai ruɓe a ƙasa. A haɗa kwano 2 na yashi, kwano 1 na ƙasar gona, kwano 1 na taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Tukunyar dashe dole a huda mata ƙasa, a zuba tsingaro kafin a cika ta. A ajiye inda rana ke kai awa 6.

Da bazara, ruwa sau biyu a mako ya isa, shi ma sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe. Da hunturu za ta zubar da ganye, mutane su ɗauka ƙishirwa ce, su yi ta kwarara mata ruwa. Hutawa take yi. Sau ɗaya a kwana 10 ya wadatar.

Watan Agusta ne abin tsoro. A janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo, a ɗora ta kan bulo. Idan aka matsa gindin aka ji ya yi laushi, ruɓa ta shiga: a tone ta, a yanke wurin har a kai ga fari mai tauri, a shafa toka, a bar ta mako guda a inuwa, sannan a sake dasawa cikin busasshen yashi.

Iyaye mata, a kula: ruwan jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya, har maharban zamanin da suna shafa shi a kibiya. A wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan yanka, kada ruwan ya shiga ido. A nisanta ta da awaki da wurin wasan yara. Yaron da ya tauna ganye ko fure, a garzaya da shi asibiti tare da guntun abin da ya ci, ba a tsaya ɗura masa manja ba.