Binciken Haramtattun Injinan Caca a Jihar Texas

Dokar jihar Texas ta Amurka ta haramta injin caca, amma ga shi nan birjik a shagunan gidajen mai da ɗakunan wasa masu rufaffun tagogi. Wanda ya fi yawa shi ne "mai layi takwas": hotuna na juyawa a allo, mutum ya ci idan iri ɗaya suka jeru a layi, uku a kwance, uku a tsaye, biyu a karkace.

Abu uku ke mai da wasa caca a idon doka: zuba kuɗi, dogaro da sa'a, da samun lada. A shekarun 1990 majalisar jihar ta keɓe injinan nishaɗi da ke ba da kyautar kaya, muddin darajarta ba ta wuce dala 5 ko ninki 10 na kuɗin wasa ɗaya ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ta wannan kafa masu ɗakunan suka shige. A 2003 Kotun Ƙolin Texas, a shari'ar Hardy, ta yanke cewa takardar sayayya da ake canzawa a shago ba ta cikin wannan rangwame.

Saboda haka ganin inji kaɗai ba ya isar ɗan sanda. Biyan lada da tsabar kuɗi yake farauta. Bincike kan faro ne daga ƙorafin maƙwabta ko fashin da aka yi a wurin. Sai jami'i ya shiga cikin farin kaya, abin da ba shi da sauƙi, don yawancin ɗakunan sai wanda aka sani ake buɗe wa ƙofa. Ya yi wasa da takardun kuɗin da aka rubuta lambobinsu, ya ci, ma'aikaci ya ƙirga masa tsaba a hannu. Da wannan shaida ake neman izinin alƙali na bincike.

Cikin injin ma akwai hujja. Masana kan nemi ɓoyayyen maɓallin da ke goge makin ɗan wasa bayan an biya shi, da ma'aunin da ke lissafa abin da ya shiga da abin da aka goge. Injin nishaɗi zalla ba ya buƙatar irin wannan lissafi.

Idan harkar ta haɗa mutum 5 ko fiye, ta kuma wuce kwana 30 ko ta tara dala 2,000 a rana ɗaya, dokar tarayya ta 1970 na ba hukumar binciken manyan laifuka ta FBI damar shigowa.