Waiwaye: Tun Yaushe Kiɗan Su Shata Ya Fara Rasa Magada?

Da zarar an sako tsohuwar waƙar Shata a Facebook, sai muhawara ta kaure. Wasu su ce fiyano ne ya kashe kiɗan gargajiya, wasu su ce yaran yanzu ne ba su da haƙurin koyo, wasu kuma su tambayi abin da iyalan makaɗa ke samu daga waƙoƙin da ake ta saurara a waya. Ana magana kamar jiya abin ya faru, alhali tun kafin fiyano ya shiga situdiyon Kano aka yi ɓarin.

Farkon labarin ba baƙo ba ne. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a 1923, ya yi tallan goro da alewa, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba amma waƙar ta rinjaya. Ya zauna a Funtuwa, rediyo ta kai muryarsa har Nijar da Gana, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shigowar kaset a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga hannun ma'aikata, rikoda ta shiga gidaje. Faifan garmaho ba ya kwafuwa a kasuwa. Kaset kuwa, duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. Ka je rumfar mai kaset, ya ɗaukar maka Shata a gefe ɗaya, Ɗanƙwairo a ɗaya gefen, ya rubuta suna da biro, ka biya shi. Mai waƙa ko sisi.

Manyan mawaƙa ba su ɗaga murya a kan haka ba, kuma suna da hujja. Arzikinsu a filin wasa yake: kari, manyan riguna, dawaki, motoci, kujerar Makka. A wurinsu kaset talla ce ta kyauta. Waɗanda suka ji jiki su ne na ƙasa. A da, ƙaramin mawaƙi a ƙauye da bikin suna da ɗan bikin auren talaka yake wasa muryarsa, ya yi kuskure a yi masa dariya, ya gyara, ya samu na cefane. Da rikoda ta zo, sai mai biki ya sayi batir ya kunna Shata da kansa. Wa zai saurari ɗan koyo ga gwani a akwati?

Wannan sana'a kuwa ba a takarda ake koyonta ba. Shata nan take yake ƙirƙira, ya dubi wanda yake yi wa waƙa ya jefo baiti, 'yan amshi su karɓa, kafin su dire ya shirya na gaba. Yaron da ke bin ayari shekara da shekaru ne ke gane lokacin da makaɗi zai matse kalangu a hammata ya sauya masa murya, da lokacin da sanƙira zai shigo da kirari. Kaset ta adana sautin duk wannan, amma ta rage wuraren da ake koyonsa, kuma ni a ganina nan ne asarar ta fi girma.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na dakta, a shekarar ce kuma aka fito da sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Nijeriya. Sai dai an riga an shafe fiye da shekara goma jama'a na ɗaukar waƙa kamar ruwan rijiyar unguwa. Ga shi abin da wani ya ɗauka da rikodarsa a tsakiyar filin biki ba shi da takardar yarjejeniya, balle magada su kafa hujja da ita yau.

Saboda haka, da fiyano ya biyo finafinan Hausa a shekarun 1990, ya tarar da masu biki sun saba da rawa gaban lasifika. Yaro ɗaya da na'ura zai yi aikin ayarin mutum goma, su kuma matasan da za su gaji kalangu tuni suka kama wasu sana'o'in.