Igiya, tuta da mai sa ido: dokokin jan mutum a bayan jirgin ruwa a Amurka

Da zarar zafi ya shigo a Amurka, tafkuna kan cika da ƙananan jiragen ruwa masu inji, kowanne da igiya a bayansa, a ƙarshen igiyar kuma mutum. Wani yana tsaye kan allunan sulu biyu, wani kan allo ɗaya, yara kuma galibi suna kwance rub da ciki kan ƙaton tif mai rufin yadi da mariƙai. Wasan ya samo asali ne a 1922, lokacin da wani saurayi mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katakai biyu a ƙafafunsa a tafkin Pepin da ke jihar Minesota, jirgi ya ja shi. A wancan lokacin babu wata doka da ta san da wasan. Yau kowace jiha tana da tata, kuma baƙo ko sabon mazauni da ya yi hayar jirgi na yini ɗaya yana ƙarƙashinta kamar kowa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne dokar hawa biyu ce. Gwamnatin tarayya, ta hannun rundunar tsaron gaɓar teku, ita ke faɗin kayan da dole su kasance a cikin jirgi da irin ingancinsu. Jihohi kuma su ke tsara yadda za a yi jan: mutum nawa a jirgi, da wane lokaci, da nisan da za a bari tsakanin mai sulu da gaɓa. Saboda haka abin da ya halatta a wannan tafki yana iya zama laifi a wancan, idan an tsallaka iyakar jiha.

Babban misali shi ne batun mai sa ido. Direba ba zai iya duban gabansa kuma ya dubi wanda yake ja a lokaci guda ba. Kalifoniya ta ce dole a sami mutum na biyu a jirgi, mai shekara 12 ko fiye, wanda aikinsa kawai kallon wanda ke kan igiya ne. Fulorida ta ba da zaɓi: ko mai sa ido, ko madubi mai faɗin gani da direba zai riƙa hango baya da shi. Tekzas ma ta yarda da madubi, muddin bai gaza inci 4 a tsawo da faɗi ba, idan kuma mutum ne to ya kai shekara 13. A ganina Kalifoniya ce ta fi gaskiya. Madubi yana nuna maka cewa yaro ya faɗi, amma ba ya janye igiya daga ruwa, ba ya ɗaga tuta, ba ya yi wa wani jirgi da ya nufo wurin tsawa. Kuma duk daƙiƙar da direba ya kashe yana duban madubi, ya ɗauke ta ne daga duban gaba. Ko a jihar da ta yarda da madubi, wanda zai ja ƙananan yara ya nemi mutum.

Wannan ƙa'ida tana da wani reshe da masu babur ɗin ruwa kan manta. Jihohi da yawa suna lissafa wanda ake ja a cikin mutanen jirgin, domin idan ya gaji ko ya ji rauni a cikin jirgin za a ɗauke shi. Babur mai kujera biyu, da direba da mai sa ido, ya riga ya cika, ba wurin na uku. Jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba suna da ɗan allo kusa da sitiyari wanda ya faɗi yawan mutane da nauyin da za su ɗauka. A ƙirga 'yan kan tif kafin a tashi.

Lokaci kuma a sarari yake. A Kalifoniya ba a ja daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Fulorida da Tekzas sun ƙara rabin awa bayan faɗuwar rana da rabin awa kafin fitowarta. Kan mutum da ke lilo a ruwa ɗan ƙaramin abu ne, ko da rana tsaka da ƙyar ake hango shi.

Dalilin tuta ke nan. A Kalifoniya da wasu jihohin yamma, dole a ɗaga tuta ja ko mai ruwan lemo, wadda kowane gefenta ya kai inci 12, duk lokacin da mai sulu ya faɗi, ko yana cikin ruwa yana shirin tashi, ko igiya ko allo na yawo kusa da jirgi. Tutar tana gaya wa sauran jirage cewa akwai mutum a ruwa, su rage gudu su kauce. Idan ya miƙe yana sulu sai a sauke ta. Wanda ya bar tuta a ɗage yini guda ya ɓata ma'anarta, domin sauran direbobi za su daina kula da ita.

Rigar kariya ita ce wurin da ake yawan kuskure a sayayya. Dokar tarayya ta ce a sami riga ɗaya ga kowane mutum, daidai jikinsa, mai ɗauke da shaidar amincewar rundunar tsaron gaɓar teku. Yawancin jihohi sun ƙara cewa wanda ake ja dole ya sa ta a jikinsa, ajiye ta a jirgi bai wadatar ba. Amma ba kowace riga ce ta dace ba. Akwai irin wadda ake hurawa da iska idan an ja ɗan zare, marar nauyi, masu kamun kifi na sonta. Ba a yarda da ita a wannan wasa ba, Fulorida ma ta ambace ta a dokarta ƙarara, kuma ba a amince wa wanda bai kai shekara 16 ba ya dogara da ita. Wanda ya bugi ruwa da gudu yana iya suma, wa zai ja masa zaren? Akwai kuma wasu siraran riguna masu kyan gani da ake sayar wa 'yan gasa, waɗanda ke rage zafin bugun ruwa a haƙarƙari amma ba su da shaidar amincewa, kuma ba su da tabbacin riƙe mutum a saman ruwa. A wurin jami'i, wanda ya sa irinsu daidai yake da wanda bai sa komai ba. A buɗe cikin rigar a karanta rubutun da ke jiki, sababbin ma suna da zanen da ke nuna wasannin da ba a yarda a yi da su ba. Ga yaro, a ɗaure masa ita a kama kafaɗunta a ɗaga. Idan ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa.

To, ina igiyar kanta? A nan ne abin ya fi damuna. Dokokin sun yi dogon bayani kan mutum da tuta da lokaci, amma kusan ba su ce komai ba kan ƙarfin igiya da wurin da za a ɗaura ta. Minesota ta iyakance tsawo, ba a wuce ƙafa 150 sai da izini, amma ƙarfi an bar wa masu ƙera kaya. Ƙungiyarsu, WSIA, ta fitar da ma'auni da ake bugawa a jikin kwalin igiyar tif: ta mutum ɗaya ta jure nauyin laba 1,500, wato kusan kilo 680, ta mutum biyu laba 2,375, ta uku laba 3,350, ta huɗu laba 4,100, wajen kilo 1,860. Tsawonta kuma tsakanin ƙafa 50 da 65. Mai karatu zai ce yara huɗu ai ko kilo 200 ba su kai ba, me ya kawo wannan lissafi? Abin da ke tsinka igiya ba nauyin mahaya ba ne. Fizga ce. Idan igiya ta yi sako-sako a kwana sannan ta miƙe farat ɗaya, ko gaban tif ya nutse ya ɗebi ruwa jirgi yana ci gaba da gudu, ƙarfin da ke hawa kanta yana ninkuwa sau da yawa. Mai sulu da ya ji fizga sakin mariƙi yake yi, shi ke nan. Tif ba ya saki, a ɗaure yake.

Shi ya sa igiyar sulu ba ta maye gurbin ta tif. Ta sulu tsawonta ƙafa 75 ne a al'ada, tana da ɗan miƙewa don ta sassauta wa hannu, an yi ta ne don nauyin mutum ɗaya. Wadda masu tsalle kan allo ɗaya ke amfani da ita ba ta miƙewa ko kaɗan. Aka ɗaura ɗayansu ga tif mai mutum uku ta tsinke, tana komawa cikin jirgi da ƙarfi, kuma fuskar mai sa ido ce a hanya. Idan akwai ƙugiyar ƙarfe a bakinta, raunin ba ƙarami ba ne. Igiyar da rana ta cinye har launinta ya koɗe, ko ta fara tsattsagewa, ko aka ƙulla ta a tsakiya bayan ta taɓa tsinkewa, ta gama aiki. Ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi sosai.

Wurin ɗauri ma haka. Jirgi mai inji a rataye a baya yana da zobban ƙarfe biyu a gindinsa, hagu da dama. Ana sayen gajeriyar igiya mai baki biyu da ke kama su duka, da ɗan abin da ke sa ta yin iyo don kada ta faɗa wa farfela, a tsakiyarta ake ɗaura igiyar jan. Ƙahonnin da ake ɗaure jirgi da su a bakin gaɓa ba na ja ba ne, suna iya tumɓukewa. Dogon turken ƙarfe da hasumiyar da ake kafawa saman jirgi don masu tsalle, yawancin masu ƙera su sun rubuta a jiki cewa kada a ja tif da su, saboda fizgar tana iya karya su ko ta karkatar da jirgin gefe, kuma igiyar da ta fito daga sama tana ɗaga gaban tif iska ta shiga ƙarƙashinsa. An ga abin da tashin tif ke haifarwa. A Yulin 2006 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi, CPSC, ta sanar da janye wani tif mai suna Wego Kite Tube, wanda aka ƙera musamman don ya tashi sama, kusan guda 19,000, bayan mutum biyu sun mutu wasu da dama sun ji munanan raunuka. An hana irinsa a tafkin Powell da wasu tafkunan gwamnatin tarayya.

Shirun da doka ta yi kan igiya bai wanke direba ba. Akwai doka ta gama-gari a matakin tarayya da ta haramta tuƙin ganganci mai jefa rai ko dukiya cikin haɗari, tarar da aka rubuta wa jirgin shaƙatawa tana kaiwa dala 5,000, idan gangancin ya yi muni kuma ya zama laifin da ake ɗauri a kansa. Kowace jiha tana da irinta. Ranar da aka je gaban alƙali ko kamfanin inshora, gargaɗin da ke jikin tif da kwalin igiya hujja ne. An rubuta mutum biyu, ka ɗora huɗu. An rubuta kada a wuce mil 20 a awa ga manya da mil 15 ga yara, wato kilomita 32 da 24, ka wuce. Mai tif ba shi da sitiyari ba shi da birki, inda direba ya wulwula shi nan zai je, kuma a kwana gudunsa yana zarce na jirgin nesa ba kusa ba. Don haka masu koyarwa ke cewa a bar tazarar da ta ninka tsawon igiya biyu daga gaɓa, da gada, da kowane jirgi.

Saura inji. Tun 1 ga Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta wa direban jirgin da bai kai ƙafa 26 ba ya maƙala wa jikinsa zaren kashe inji idan yana gudu, ta yadda in ya faɗa ruwa ko ya zame daga kujera injin zai mutu nan take. Tarar karon farko dala 100 ce. Jirgin da ba direba yakan yi ta kewaye wuri ɗaya, farfela na juyawa, mutane na cikin ruwa. Haka nan idan za a ɗauko wanda ya faɗi, a zagayo ta gefen direba don kada ya ɓace masa, a kashe inji gaba ɗaya kafin ya matso matakala. Cire giyar inji kawai bai isa ba. Hayaƙin da ke fita a gindin jirgi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda muka sani tana kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Bayan mutuwar wasu matasa da ke riƙe dakalin bayan jirgi yana jan su, Kalifoniya ta yi doka a 2004 da ta haramta kunna inji alhali wani yana kan dakalin ko yana rataye da shi.

A yawancin jihohi, direban da barasa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari a jininsa ya karya doka, kuma a jihohi da dama haramcin ya haɗa da wanda ke kan allon sulu.

Kafin a tashi, direba da mai sa ido da mahayi su daidaita kan alamun hannu, domin ƙarar inji ba ta barin a ji murya. Babban yatsa sama, a ƙara gudu. Ƙasa, a rage. Shafa hannu a maƙogwaro, a kashe inji. Dafa kai, a koma gaɓa. Wanda ya faɗi ya haɗa hannuwansa biyu saman kansa don a san lafiya yake, idan mai sa ido bai ga wannan alama ba a juyo da gaggawa. In kuma an yi haɗarin da wani ya rasu, ko ya ɓace, ko ya ji raunin da ya wuce taimakon farko, mai jirgi yana da awa 48 ya kai rahoto ga hukumar jihar. Idan asarar dukiya ce kawai ta dala 2,000 ko fiye, kwana 10 aka ba shi.