Maganin Tabon Huhu da Ƙwayoyin Tushe

Tabon huhu cuta ce da ke sa naman huhu ya yi kauri ya sandare, har 'yan buhunan iskar da ke miƙa oksijin ga jini su kasa aikinsu. Mai ciwon kan fara da haki idan ya hau tudu ko ya yi saurin samun jam'i, sai busasshen tari da ba ya jin magani, wani lokacin kuma kan yatsunsa ya kumbura. Idan likita ya saurari bayansa yakan ji ƙara kamar ana murza leda, hoton siti-sikan kuma ya nuna gindin huhu tamkar saƙar zuma. Ƙurar dutse, irin wadda masu fasa duwatsu ke shaƙa a gefen garuruwan Bauchi da Gombe, tana haddasa shi, haka ma daɗewa cikin ƙurar akurkin tantabara, da wasu magunguna. Da yake alamunsa sun yi kama da na tarin fuka, ba abin mamaki ba ne mutum ya gama shan maganin wata 6 kafin a gane ba shi ke damunsa ba.

Mafi tsanani shi ne nau'in da ba a san musabbabinsa ba, wanda akasari kan yi ajalin mai shi cikin shekara 3 zuwa 5 bayan gano shi idan babu magani. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pirfenidone da nintedanib, amma iyakarsu rage wa cutar gudu. Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Dashen huhu kuwa sai wane da wane. Wannan giɓi ne ya sa masana suka waiwayi ƙwayoyin tushe.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun ɗauki sana'a ɗaya a jiki ba. Waɗanda aka fi gwadawa a huhu ana samo su daga ɓargo, da kitse, da cibiya, da mabiyiya. Alexander Friedenstein na Tarayyar Sobiyet ne ya fara bayyana su, Arnold Caplan kuma ya raɗa musu sunan da aka san su da shi, wato mesenchymal stem cells, a 1991. Idan aka ɗura su ta jijiya, yawancinsu kan maƙale a siraran hanyoyin jinin huhu, abin da ke zama cikas ga mai neman su kai zuciya, amma ga mai ciwon huhu faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da farko an zaci za su rikiɗe su zama sabon naman huhu. Daga baya aka gane ba sa daɗewa a jiki, aikinsu shi ne sakin sinadaran da ke kwantar da kumburi, su kuma tausasa ƙwayoyin da ke zuba kolajin, wato furotin ɗin da tabo ke ginuwa da shi, fiye da kima.

A 2003 Luis Ortiz da abokan aikinsa suka nuna sun rage tabo a huhun ɓeraye. Gwaji a kan mutane ya biyo baya: mutum 14 a Girka a 2013, mutum 8 a Ostireliya a 2014, sai mutum 9 a Miami a 2017. Adadin kaɗai ya isa shaida cewa an shirya su ne don a ga ko jiki zai karɓa lafiya, kuma ya karɓa. Warkarwa kam ba su tabbatar da ita ba. Ɓera ma ba mutum ba ne, domin tabon da ake jawo masa da maganin bleomycin yakan lafa da kansa, na ɗan'adam kuwa gaba yake yi.

Tunda saƙon da ƙwayoyin ke saki ne ke aiki, sai aka ce me zai hana a karɓi wasiƙar a sallami ɗan aiken? Ƙwayoyin halitta kan fitar da wasu 'yan ƙunshi masu ɗauke da furotin da guntayen RNA (sinadarin da ke ɗauke da umarni a cikin ƙwayar halitta), ƙanana daga cikinsu, waɗanda ake kira ekzozom, faɗinsu nanomita 30 zuwa 150 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ba sa hayayyafa, sun fi sauƙin ajiya, ana kuma iya shaƙar su a matsayin feshi. A 2020 ayarin Ke Cheng a jihar Karolina ta Arewa ya shaƙa wa ɓeraye irinsu, tabonsu ya ragu. Matsalar ita ce tace su da auna su, domin ƙunshin wannan ɗakin bincike ba lallai ya zo daidai da na wancan ba.

Kasuwa dai ta riga kimiyya tashi. A ƙarshen 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wasu sun kwanta rashin lafiya a Nebraska sakamakon allurar da aka ce ta ekzozom ce, ta kuma bayyana cewa babu maganin ekzozom ko ɗaya da ta amince da shi. A Najeriya ana yawan haɗa wannan batu da dashen ɓargo na masu sikila, wanda aka fara a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, alhali wancan da ƙwayoyin da ke samar da jini ake yin sa, kuma ingancinsa ya tabbata. Abin da likitocin ƙirji ke bai wa mai tabon huhu a yau shi ne maganin rage gudun cutar, da oksijin, da atisayen numfashi, da rigakafin mura da nimoniya, tare da nisantar taba da ƙurar da ta jawo ciwon.