CurlManitoba, hukumar wasan kalin ta lardin Manitoba

CurlManitoba ita ce hukumar da ke riƙe da ragamar wasan kalin, wato wasan tura dutse a kan ƙanƙara, a lardin Manitoba, a tsakiyar ƙasar Kanada. Hedkwatarta tana birnin Winnipeg. Ita ke yi wa kulob-kulob rajista, ita ke shirya gasannin lardi, ita ke horar da alƙalai da masu koyarwa, kuma ta hannunta zakarun Manitoba ke zuwa gasannin ƙasa da uwar hukuma, Curling Canada, ke shiryawa. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ba kuma don neman riba aka kafa ta ba. Kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinta su ne membobinta, kuma mafi yawan masu yi mata hidima 'yan sa kai ne.

Wasan kansa

Kalin wasa ne na tura dutse a kan ƙanƙara, asalinsa daga Sikotland. Tawaga biyu ke karawa, kowace da mutum huɗu, a kan shimfiɗar ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 45. Dutsen yana da mariƙi a samansa, nauyinsa tsakanin kilo 17 da 20. Kowane ɗan wasa yana tura duwatsu biyu a zagaye guda, yana auna wani zane mai da'ira da ake kira gida a ɗaya ƙarshen. Yakan ɗan murza mariƙin yayin saki, sai dutsen ya riƙa karkata a hanya, abokansa biyu kuma suna goge ƙanƙarar gabansa da buroshi don ya ƙara nisa ya rage karkata. Bayan duwatsu 16 sun ƙare, tawagar da dutsenta ya fi kusa da tsakiyar gida ita kaɗai ke samun maki. Ana yin zagaye takwas ko goma.

Tarihi

'Yan Sikotland da suka yi ƙaura zuwa yammacin Kanada su suka zo da wasan. Sun tarar da ƙasa mai dogon hunturu, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, manomi kuma ba shi da aikin gona wata da watanni. An kafa kulob ɗin Granite a Winnipeg a 1880, har yau kuwa ana yi masa kirari da uwar kulob-kulob. A 1888 wakilan kulob-kulob suka haɗu suka kafa reshen Manitoba na Royal Caledonian Curling Club, tsohuwar hukumar wasan da ke Sikotland tun 1838. Wannan reshe shi ya zama Manitoba Curling Association. Mata sun daɗe da tasu hukumar daban, sai a 2000 aka haɗe biyun, daga baya kuma aka koma amfani da sunan CurlManitoba.

Babban abin da hukumar ta fara yi, wanda ya fito da sunanta, shi ne taron gasa na shekara-shekara da ake kira Bonspiel, wanda aka soma a Winnipeg a 1889. Ba a tace masu shiga: manomi daga ƙauye yana iya faɗawa hannun zakaran lardi a wasan farko. A 1988, lokacin cikar shekara ɗari, tawaga 1,280 suka shiga, kuma ba a taɓa yin taron kalin da ya kai shi girma ba. Yanzu sunansa Manitoba Open.

Gasar maza ta ƙasa ma, wato Brier, a nan tushenta yake. A 1925 kamfanin taba na Macdonald ya sa kofi a taron Winnipeg, ya ɗauki nauyin waɗanda suka ci zuwa gabashin ƙasar. A lokacin, a yankin Kwibek da curin ƙarfe ake wasa, a Manitoba kuwa da dutse. Da aka buɗe Brier a Toronto a 1927, dutse aka zaɓa, ƙarfe kuma ya yi ta ja da baya har ya ɓace.

Yadda take gudanar da aiki

Kuɗin hukumar yana fitowa daga abin da kulob-kulob da 'yan wasa ke biya, da kuɗin shiga gasa, da kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, da tallafin Sport Manitoba, wadda ke raba kuɗin wasanni na lardin. Shi ya sa sunan gasar maza ta lardi ke canzawa idan mai ɗaukar nauyi ya canza; an yi zamanin British Consols, an yi na Safeway, an yi na Viterra.

Hanyar zuwa gasar lardi tana farawa ne daga yankuna. Ana buga wasannin share fage a Winnipeg da garuruwan karkara, wasu kuma su samu gurbi ta makin da suka tara a kakar wasa. Wanda ya ci gasar lardi shi ke sa rigar da ke ɗauke da hoton ɓauna, alamar Manitoba. Akwai gasar mata, da ta matasa, da ta waɗanda suka haura 50, da ta waɗanda suka haura 60, da ta maza da mata a haɗe, da ta masu keken guragu. Akwai kuma salon da ake tura dutse da sanda a tsaye, domin dattijon da gwiwarsa ta daina durƙuso kada ya bar wasa. Ba a ajiye manyan gasannin a Winnipeg kaɗai, ana zagayawa da su garuruwa irin su Brandon, Selkirk, Portage la Prairie da Steinbach, kuma garin da ya karɓi baƙunci yakan samu abin da zai gyara kulob ɗinsa.

Aikin da ba a cika gani ba, amma wanda komai ya rataya a kansa, shi ne horar da masu gyaran ƙanƙara. Ƙanƙarar kalin ba sumul take ba. Kafin wasa ana yayyafa mata ruwa, ɗigon ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a kansu dutsen ke tafiya. Idan yayyafin ya yi yawa ko ya gaza, ko shimfiɗar ta karkace ko da kaɗan, gwaninta ba ta da amfani. A ƙaramin gari sau da yawa mutum ɗaya ne ya iya wannan sana'a, ranar da ya tsufa ba tare da magaji ba kulob ya shiga uku.

Zakaru

Manitoba ta ci Brier sau biyar a jere daga 1928 zuwa 1932, biyun farko a hannun Gordon Hudson. Ken Watson, malamin makaranta a Winnipeg, ya ci a 1936, 1942 da 1949, shi ne kuma ya yaɗa salon doguwar sulɓewa yayin sakin dutse. Da Jeff Stoughton ya ci nasa na uku a 2011, kofunan lardin sun kai 27. A ɓangaren mata, tawagar Jennifer Jones ta kulob ɗin St. Vital ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Sochi a 2014 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, Kerri Einarson ta kulob ɗin Gimli kuma ta ci gasar mata ta ƙasa sau huɗu a jere, daga 2020 zuwa 2023. Gimli ƙaramin gari ne a bakin Tafkin Winnipeg, kuma irin waɗannan garuruwa su ne ainihin jarin hukumar.

Ƙalubale

A ƙananan garuruwan nan ne damuwar take. Gonaki sun ƙara girma, hannuwan da ke noma su sun ragu, matasa na komawa birni. Injin daskarar da ruwa yana cin wuta, gyaransa kuma da tsada, ga gine-gine da yawa sun tsufa. Kulob ɗin da ya rufe da wuya ya sake buɗewa. A matakin manyan 'yan wasa kuma wasan ya zama sana'a: tun 2015 aka yarda tawaga ta ɗauko ɗan wasa ɗaya daga wani lardi, tun 2018 kuma ana iya shiga gasar ƙasa ta hanyar maki ko da ba a ci gasar lardi ba. Wannan ya ƙara wa manyan gasanni armashi, amma ya rage wa rigar ɓauna wani abu na nauyinta. Hukumar ta mayar da hankali kan darussan koyo na manya, da kai wasan makarantu ta hanyar duwatsun roba masu taya da ake turawa a kan daɓe. Da irin wannan salo na daɓe ake koyar da yara a Najeriya, wadda a 2018 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga hukumar kalin ta duniya.